Bizar H-1B da dala dubu ɗari na Trump

Tun da Trump ya sa hannu a kan umarnin nan a Satumban 2025, cewa kamfanin da zai ɗauko sabon ma'aikaci daga waje da bizar H-1B sai ya ajiye dala 100,000, nake ganin ƙannenmu masu koyon haɗa manhaja suna ta ƙorafi cewa an rufe musu ƙofa. Ni dai ina ga gara mu fara sanin wace irin ƙofa ce.

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa bizar a 1990. Ana ba ƙwararre shekara 3, a sabunta masa zuwa 6. Gurbi 65,000 ne a shekara, sai ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a jami'o'in can. A 2000, da harkar intanet ta buɗe, majalisa ta ɗaga adadin zuwa 195,000, bayan shekara uku ya koma inda yake. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa aka daɗe ana yin ƙuri'a. Kuma wajen kashi 70 cikin ɗari 'yan Indiya ne ke samu. Mu dama can ɗan abin da ya zubo muke tsinta.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Ba kai ke neman bizar ba fa, kamfani ne ke nema maka, zamanka a ƙasar kuma yana rataye da aikin. Ranar da aka sallame ka, kwana 60 gare ka: ko ka sami wani kamfanin ya karɓe ka, ko ka haɗa kayanka. A ƙarshen 2022, da Meta da Amazon da Twitter suka sallami dubban ma'aikata, akwai masu 'ya'ya a makaranta da bashin gida a wuya da suka koma ƙirga kwanaki. Don Allah mai irin wannan igiya a ƙafa zai iya kallon oga ya ce albashi ya yi kaɗan? Ɗan Indiya kuma da ke jiran takardar zama ta dindindin sai ya yi shekaru a layi, saboda doka ta ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari, komai yawan jama'arta.

Su ma Amurkawan da ke fushi ba mahaukata ba ne. A 2015 Disney ta sallami ma'aikatan sashen kwamfuta, wasu ma sai da suka koya wa baƙin da za su gaje su aikin. Ko ni ne wallahi ba zan yi shiru ba. Amma dala dubu ɗari ba ta kwance igiyar kowa ba. Google zai iya biya, ko ya mayar da aikin ofishinsa na Indiya. Ƙaramin kamfani da asibitin ƙauye mai neman likita su ne za su ji a jikinsu.

To ku ƙannena na Kano da Zariya, idan aikin ne zai riƙa fita daga Amurka yana bin mutane, a ɗakinku zai same ku. A nan kuma ba biza za a tambaye ku ba, sai wutar da za ta kai ku ƙarshen taro da data mara yankewa.