Injin da Ya Ƙi Juyawa

A shekara ta 2018, bayan an gama girbin hatsi, zumuntar mata ta ikkilisiyarmu ta sayi injin niƙa. Ƙauyenmu yana ƙasar Arewa, tafiyar rabin yini da amalanke daga Dogondutsi. Kafin lokacin nan, mace takan kama taɓarya tun da asuba, ko kuwa ta ɗauki hatsi a ka zuwa wani gari inda akwai inji. Shekara 2 matan nan suna zuba adashe, suna sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har kuɗi ya taru. Da yake ni ne katikis, na kuma yi makarantar mishan, na iya rubuta lissafi, sai suka danƙa mini kuɗin da sha'anin sayen gaba ɗaya.

Injin da na saya irin wanda ake kira Lista ne, mai fistan guda, mai shan gas. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fara ƙera irinsa wajen 1930, ya daina a 1987, amma maƙeran Rajkot a ƙasar Indiya suka ci gaba da yin kwafinsa. Ƙarfinsa na doki 6 ne, yana juyi 650 a minti, a hankali ke nan in an gwada shi da injin mota. Namu na Indiya ne, ya riga ya ci aiki. Wani dattijon makaniki a Dogondutsi ya sa masa sababbin ringi da metal, ya tashe shi a gabana, na ji bugunsa daidai kamar dakan mata biyu a turmi ɗaya.

Injin yana da manyan ƙafafu biyu na ƙarfe, ɗaya a kowane gefe, a kan ƙarfen nan da makanikai ke kira karanshaf, wanda fistan yake turawa ya juya. Saboda nauyinsu, dattijon ya cire su domin amalanke ya iya ɗauka. Ya ce mini, "Malam, ku zuba siminti ku kafa shi, amma ku jira ni in zo in ɗaura ƙafafun."

Muka zuba siminti, ya bushe, muka kafa inji. Ranar da ya yi alkawari ta zo ta wuce, gama an yi masa rasuwa. Mata kuwa kullum suna leƙowa suna tambaya. Sai na ce a raina, mene ne wahalar sa ƙafa a kan ƙarfe? Na kira samari biyu, muka zura ƙafafun. Akwai wani siririn ƙarfe mai kai da ake bugawa tsakanin ƙafa da karanshaf domin ya riƙe ta, ana ce masa ki. Na ɗauki guduma na buga shi iyakar ƙarfina, don kada ya sukurkuce. Muka ɗaura belti, muka zuba baƙin mai da ruwa da gas.

Jama'a ta taru. Na sa handil, na ɗaga ɗan hannun da ke buɗe bawul domin iska ta fita, na danna. Ko motsi. Samari suka gwada ɗaya bayan ɗaya, inji yana nan kamar dutse. Wani ya kawo dogon bututu a ƙara wa handil tsawo, mutum uku su taka. Uwar zumunta ce ta hana. Ta ce, "Ku bari, 'ya'yana. Gumin shekara biyu ne wannan." Ni kuwa kunya ta kama ni, sai ta koma fushi. A gaban kowa na ce, "An cuce mu. Tsohon nan ya sayar mana da mataccen ƙarfe."

Magana zarar bunu ce. Kafin kwana 2 ta kai kasuwa, ta kai garejinsa.

A rana ta uku sai ga shi a kan kabu-kabu da jakar sifana. Ya gaishe mu, muka yi masa ta'aziyya. Bai ta da zancen abin da na faɗa ba. Tambayarsa ta fari ita ce, "Kun tilasta masa?" Da muka ce a'a, ya yi ajiyar zuciya. Ya bayyana mana cewa injin gas yakan matse iska sau 15 ko fiye, har ta yi zafin da zai kunna mai. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ko mai ya cika silinda, aka sa ƙarfi, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf ce za ta lanƙwashe, gyaran kwana ɗaya ya koma sayen sabon inji.

Sa'an nan ya fara bincike, na kuwa lura daga waje ya faro. Ya cire belti tukuna, gama wani lokaci abin niƙan ne ya cije, inji bai yi laifin kome ba. Bai juya ba. Ya kwance nozul, ya zura siririn kara ta ramin, ya fito a bushe. Ya ce da injin ya daɗe a ajiye cikin damina, da sai mu yi zaton tsatsa ta kama ringi, a zuba kananzir a bar shi ya kwana. Amma wanda ya yi aiki kwana 10 da suka wuce, tsatsa ba ta isa ta riƙe shi ba. Ya buɗe murfin sama, ya danna bawul biyun, kowanne ya sauka ya komo. Ya buɗe ƙofar cikin injin, ya laluba ko wani noti ya faɗa ya tokare, ya kuma sassauta notin metal, domin metal da aka ɗaure fiye da kima, ko aka juya murfinsa baibai, yakan shaƙe ƙarfe. Har yanzu shiru.

Sai ya tsuguna, ya kama ƙafa ɗaya, ya tura ta ciki, ya jawo ta waje. Ya ce, "Karanshaf dole ya sami ɗan wasa ta tsawonsa, ko da kaurin takarda ɗaya ko biyu ne. Wannan ba shi da ko kaɗan." Ya ɗauki tsohuwar reza ya nemi zura ta tsakanin cibiyar ƙafa da jikin injin. Ba ta shiga ba, nan da can. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya buga ki ɗin nan?"

Samarin suka sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ni ne, Baba."

Ashe kowane bugun guduma yana jan ƙafar zuwa ciki tare da ki. Ƙafafun biyu suka matse jikin injin ta hagu da dama kamar awartaki. Aikin da na yi cikin minti 10 ya ci masa tun daga hantsi har la'asar kafin ya zaro ki biyun. Ya jawo kowace ƙafa waje kaɗan, ya sa ɗan katako a tsakani, ya buga ki a hankali, ya zare katakon, ya mayar da dukan abin da ya kwance. Ya kira wani yaro ɗan shekara 10 ya juya ƙafar da hannu. Ta juya sumul. Da ya dawo daga salla ya tashe shi, mata suka rangaɗa guɗa.

Na bi shi bayan rumfa na roƙi gafara. Ya ce ba kome, shi ma yana yaron gareji ya taɓa yin haka. Amma da dare na kasa barci. A bainar jama'a na ɓata sunan mutumin nan, sunansa kuwa shi ne jarinsa, na kuma nemi gyarawa a ɓoye. Ran Lahadi bayan addu'a na tsaya a inda nakan tsaya in koya wa yara kada su yi shaidar zur, na faɗa wa jama'a abin da na yi. Ranar kasuwa kuma na tafi garejinsa na maimaita a gaban yaransa da masu jiran gyara. Wannan ya fi mini zaro ki wuya.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni dai da guduma a hannuna na hau nawa tudun.

Ya mai karatu, in sabon injinka ya ƙi juyawa da hannu, ka ajiye bututu. Ka raba shi da kayan da yake ja, ka buɗe wa iska hanya, ka duba ko ruwa ya shiga, ka duba bawul da metal. Amma kafin dukan waɗannan, ka tambayi kanka: yaushe ya juya na ƙarshe, me kuma aka taɓa tun daga ranar? Da na yi wa kaina tambayar nan, da amsa ta fito kafin in buɗe baki a kan dattijon.