Na naɗe kwamfuta da leda, na kori yaro

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon PES a kwamfuta ya san irin haushin. Ka yanke mai tsaron baya, saura kai da gola, sai hoto ya cije, kafin ya saki ƙwallo ta riga ta koma ƙafar abokin karawa. Samari su ce "ta yi hangin". A shagona na Nasarawa Burkullu, wannan cijewa ta ci mini kuɗi, ta kuma sa na zalunci ɗan ƙanwata, alhali laifin duka nawa ne.

Asali shagon na buga takardu ne da hoton fasfo. Wasa ya shigo a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Ba Facebook, ba WhatsApp, samari suka rasa abin yi da yamma. Ina da kwamfutar tebur ta hannu mai furosesa Core i5 da ƙaramin katin hoto, sai na zuba mata PES 2017 da GTA, na sayo fad biyu, na ɗora yaron a kan karɓar kuɗi. Ko da aka maido da layi, ciniki bai tsaya ba.

Da hunturu ya kama, hazo ya fara shigowa ta ko'ina, na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na samo babbar leda na naɗe akwatin kwamfutar tsaf, na bar 'yar kafa ta wayoyi kawai, na tura shi cikin lokar tebur na rufe. Duk tsawon sanyi ba abin da ya faru, har ina yi wa maƙwabcina mai cajin waya gorin yadda nasa kayan suka yi futu-futu.

Bazara na shigowa abin ya fara. Ana cikin wasa sai hoto ya riƙa tsinkewa, sauti na sarƙewa. Samarin suka fara neman a maido musu kuɗinsu. Ni kuwa tun kafin in duba komai na riga na yanke hukunci: na sha ganin yaron yana cusa filas ɗin abokansa yana kwasar waƙoƙi da finafinai, don haka bairos ne, kuma shi ya kawo shi. Ya ce, "Kawu, ai da sahe lahiya lau take, sai rana ta yi take hwara wanga abu." Na ce ya rufe mini baki, ya tafi gida wurin uwarsa. A gaban abokansa na faɗa.

A daren na yi wa kwamfutar fomatin, na sake zuba Windows. Cikin fushi ban kwashe komai ba. Takardun neman aiki na mutane, wasiƙu, da hotunan walimar wani bawan Allah da ya ba ni ajiya in wanke masa, duk suka tafi. Washegari da safe wasa ya tafi sumul, na ce ga shi nan, gaskiyata ta fito. Bayan azahar cijewar ta dawo daram.

Maimakon wannan ya sa in tuna maganar yaron, sai na ce ƙarfi ne ya yi mata kaɗan. Na aika kuɗi Kano, Titin Beirut inda ake cinikin kayan kwamfuta, direba ya taho mini da ƙarin ram da katin hoto GTX 1050 Ti. Kayan lafiyarsu ƙalau, mai shagon bai cuce ni ba. Sai dai wannan kati yana jan wuta har wat 75, kuma duk wutar da kayan kwamfuta suka sha zafi take komawa. Na buɗe leda, na sa kati, ban ko kalli fankar furosesa ba, na sake naɗewa. Cijewar da a da sai an jima da fara wasa, yanzu tun kafin hutun rabin lokaci take zuwa.

Wani mai gyaran waya daga Gummi, da yake biyowa ta shagon in ya shigo kasuwa, shi ya warware. Bai taɓa komai ba sai da ya tambaya, "Malam, tun daga kunnawa take yi ko sai an daɗe? Da safe fa?" Kunya ta kama ni, don amsar da zan ba shi ita ce wadda na kori yaro a kanta. Ya buɗe loka, ya ga leda, ya dube ni, bai ce komai ba. Da ma ya yi dariya ya fi mini sauƙi.

Ya sa wata 'yar manhaja, HWMonitor, muka kunna wasa muna kallon lambobi. Zafin furosesa ya riƙa hawa har ya doshi digiri 100, nan take gudunsa ya faɗo daga gigahaz 3.2 zuwa megahaz 800. Ya ɗan huce, gudun ya hau, ya sake zafi, ya sake faɗowa. Haka aka ƙera shi: idan zafi ya kai iyaka, ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Wasa mai santsi kuwa hoto 60 yake fitarwa a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Idan furosesa ya ja birki, hoto guda ya ɗauki ninkin wannan sau biyar ko shida, ido ya gani. Wannan ce cijewar. A garin da zafin rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, cikin shago mai rufin kwano, ni kuma na toshe mata hanci.

Abin da ya fi ba ni haushi, ledar ba ta ma hana ƙurar ba. Fanka ta ci gaba da zuƙo iska ta kafar wayoyi, ƙura ta shiga ta rasa mafita, ta danƙare a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi kamar auduga. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya tsattsage. Muka fitar da akwatin bayan shago, ƙyalle a hanci, don a ƙasar Anka da Bukkuyum, bayan abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a 2010, ba mai busa ƙura cikin ɗaki. Ya riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, ya busa, ya goge tsohon mai da sifirit, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan. Zafi ya tsaya wajen digiri 70. Kuɗin man bai kai na kwanon shinkafa biyu ba.

Yana haɗa kaya yake ce mini kowace cuta da lokacinta. Kati mai rauni tun minti na farko zai nuna, kuma ba ruwansa da safe ko rana. Wadda ke cijewa sai ka shiga sabuwar unguwa a GTA, a tuhumi had dis. Ram mai matsala ya fi kawo shuɗin allo. Bairos ma yana iya nauyaya na'ura, amma wannan Task Manager zai nuna cikin minti ɗaya, kuma ban taɓa buɗe shi ba kafin in kori yaro.

Mai hotunan walima na gaya masa gaskiya. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, bai sake kawo mini aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Gidan ƙanwata ya fi wuya. Ta ce, "Yaya, ba ni za ka ba haƙuri ba." Na ba yaron haƙuri, na kuma maimaita a shago gaban abokan da suka ji zagin, tunda a nan aka yi. Ya dawo, amma ya daɗe ba ya yi mini magana sai ta ciniki.

Bayan 'yan makonni wata matsalar ta ɓullo: kwamfutar ta riƙa mutuwa ɗif ana tsakiyar wasa, ta sake tashi da kanta. Wannan karon yaron na fara tambaya. Ya ce ya lura ba ta yi sai an danna injin fotokwafi. Janaretanmu ƙarami ne, injin kuwa yana fizgar wuta da ƙarfi idan zai gasa tawada a jikin takarda, sai wutar kwamfuta ta yi ƙasa. Kuɗin babban janareta sun riga sun tafi wajen katin hoto, don haka muka raba lokaci: masu takarda su zo kafin la'asar, masu wasa bayanta.