Bashin Ubangida

A 1972 aka fito da wasan silima a Amurka mai suna The Godfather, watau Ubangida. Labarin Vito Corleone ne, mutumin tsibirin Sisili, wanda ya sauka New York yana maraya, ya ƙasaita da caca da zub da jini. Mutumin Sabon Garin Sakkwato, unguwar baƙi, ba ya bukatar tafinta a nan. Ya san maigidan da akan kai wa kuka a zaure, ya share hawaye, amma fa bashi ne. Indiyawa ma sun kwaikwayi labarin a Sarkar, 2005. Abin tausayi kuwa Michael, ɗan da uban ya so ya tsame daga sana'ar. Shi ya gaji kujerar, har ya sa aka shaƙe mijin ƙanwarsa.