Yadda Fostar Sauka Ta Koya Mini Tsara Haruffa

A Gafasa ta ƙasar Ajingi, rubutun da idonmu ya saba da shi muna yara bai wuce iri uku ba: na allo da muke wankewa, na bayan motocin da ke shigowa daga Gaya, sai fostocin 'yan siyasa da ke cika katangu idan zaɓe ya matso. Ba mu taɓa tunanin akwai wanda ke zama ya auna girman kowane harafi da tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ba. Sai da na tafi Kano karatun zane na san cewa wannan ma ilimi ne mai zaman kansa.

Malaminmu ya hana mu taɓa kwamfuta a farkon zango. Fensir da rula ya ba mu, ya ce kowa ya tsara fosta da haruffa zalla, baƙi a kan fari, ba hoto ba ado. Idan ka gama sai ya manna takardarka a jikin allo, ya tura ka ƙarshen aji ya ce, "Karanto mini." Abin da idonka ya fara cafka daga can, shi ne saƙonka, ko ka so ko ka ƙi. A wurinsa muka rarrabe haruffa masu ƙafa, irin Times New Roman da aka ƙera wa jaridar The Times ta Landan a 1932, da marasa ƙafa irin Helvetica ta Suwizalan ta 1957, waɗanda suka fi fitowa daga nesa. Dokarsa kuwa, kada fosta ta wuce samfurin haruffa biyu. Da kakar zaɓen 2019 ta zo, ya riƙa aika mu titi mu ɗauko hotunan fostoci, mu zo mu faɗi waɗanda mai tafiya a Adaidaita Sahu zai iya karantawa kafin ya wuce. Kaɗan ne suka tsallake.

A wannan shekarar ne Islamiyyar unguwarmu ta shirya bikin sauka, Kawu kuma yana cikin kwamiti. Ya miƙo mini takarda cike da sunaye: uban taro, babban baƙo, mai jawabi, masu masauki, kowa da muƙaminsa.

"Ɗana, kowane suna a nan ya fito da girma. Kada wani ya ce an raina shi."

Na ce, "Kawu, idan duka suka yi girma, ba wanda zai ga ranar taron."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, amma kada ka sa yaro a saman dattijo."

A nan na gane abin da littattafan Turawan da muke karantawa ba su tanada ba. A wurinsu, girman harafi yana nuna muhimmancin bayani. A wurinmu, jerin suna girmamawa ne, kuma ba a wasa da shi. Muka daidaita a kan hawa uku: sunan bikin da manyan baƙaƙe a sama, rana da wuri a tsakiya, sai sunayen duka da girma ɗaya a ƙasa, bisa jerin da dattawa suka yarda da shi.

Matsala ta biyu ta fito a kwamfuta, cikin CorelDRAW. Samfurin da na zaɓa ba shi da Ƙ, sai wani ɗan akwati ya tsaya a tsakiyar sunan Alƙur'ani. Masu aikin ɗab'i da yawa cire ƙugiyar kawai suke yi su wuce. Alhali tun shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, zamanin Rupert East, ta tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a madadin ɗigon da ake sawa a ƙarƙashin harafi, aka kuma kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da kwamfuta ta shigo, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera samfurin haruffa masu ƙugiya don marubuta Hausa. Yanzu ga Noto da Andika kyauta a intanet. Na ɗauki ɗaya, kuma kafin in kai madaba'a na mayar da rubutun duka zane, don kada wata kwamfutar ta sauya mini shi.

Darasin da ya fi zauna mini kuwa a zauren Alaramma na same shi. Dattawanmu da yawa ajami ya fi musu sauƙi, sai kwamiti ya nemi a sa layi guda da shi. Haruffan Larabcin kwamfutata na ƙasashen gabas ne, sirara, ba irin na Warshu da muka tashi da su ba, inda ɗigon fa yake ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Na durƙusa na yi bayani.

"Allah ya gafarta Malam, so nake a rubuta da hannu, ni kuma in ɗauka a waya."

Ya fere alƙalamin kara, ya tsoma a tawada, ya ja baƙaƙe masu kauri, ya bar fili sama da ƙasa. "Kada ka cushe su, yaro. Wasali ma yana son mazauni." Ya sa wasulan da ja, yadda ake yi a Alƙur'anin hannu. Ya kuma hana a sa aya ko ɗaya, domin fosta ƙarshenta ƙasa ce. Kaurin layi, tazara, da ba kowane launi aikinsa, duk abin da muke aunawa da rula a aji, shi hannunsa ya riga ya haddace. Daga baya na ci karo da samfurin Alkalami na ƙungiyar SIL, wanda aka kwaikwayo daga irin wannan rubutu na Kano.

Da fostocin suka iso ta Wudil, muka manna a bakin masallaci da tasha da wurin mai shayi. 'Yan acaɓa na karanta ranar taro ba tare da sun tsaya ba, tsofaffi na bin layin ajami da yatsa, kuma ba baƙon da ya yi ƙorafin matsayinsa.

Kirana ga makarantun da ke koyar da zane a Kano da Zariya shi ne su sa haruffa masu ƙugiya da rubutun ajami cikin manhaja, su kuma gayyato alarammomi su nuna wa ɗalibai riƙon alƙalami. Duk mai tsara fosta don Bahaushe, wajibi ne ya iya rubutun Bahaushe iri biyun nan.