Majalisar Gindin Dalbejiya

Na daɗe ina ɗaukar hirar masu son mota a matsayin ɓata lokaci. Kullum bayan la'asar sukan taru a gindin dalbejiya, gefen garejin unguwarmu a Malanville, wannan na yabon Peugeot 504, wancan na cewa babu kamar Toyota. Ni da na tashi a gaban allo, sai in yi sallama in wuce.

Wata rana na ɗauki maigida zuwa Kandi, inda ake jiransa ya sasanta rigimar gado. Mota ta yi ta sarƙewa, har ta mutu mana a daji. Can sai na tuna abin da na taɓa ji wani dattijonsu yana gaya wa wani yaro: "Ɗana, man kwalba ba ya rasa datti. Kafin ka zargi inji, duba filtar mai." Na kwance ta, na hure, na mayar. Muka isa kafin magada su watse.

Tun daga ranar nake shimfiɗa buzuna a cikinsu. Da aka rufe gadar Gaya a 2023, manyan motocin Kwatano suka daina tsallakawa, kasuwa ta yi sanyi, kuɗin bakanike ya gagari mutane da dama. A majalisar nan aka riƙa koya wa juna wanke fulogi da tace mai da ƙyalle, ba a karɓar ko dala.

Jiya wani matashi ya tambaye ni dalilin sarƙewar motarsa. Na ce: "Ɗana, zauna tukuna."