Ina Amarya a Wannan Biki?

Yau ba zancen girki ko ɗinki na zo muku da shi ba. Labarin wata kunya ce da na sha a gaban 'yan ajina.

Ran nan ina koya musu labarin ƙasar Italiya, sai na buɗe musu wani littafi mai hotuna, muka tarar da zanen wani gagarumin biki. Mutane maƙil, ga makaɗa, ga masu raba abinci, har da karnuka da kyanwa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ina amarya?" Ni kuwa ban tsaya na duba da kyau ba, sai na ɗora yatsa a kan matar da ke zaune tsakiyar tebur kusa da wani mutum mai haske a kansa. Wata kuma daga baya, 'yar gidan Kirista, ta miƙe cikin ladabi ta ce, "Malama, wannan ai Maryamu ce, uwar Yesu." Aji ya yi tsit. Ku da kuka taɓa tsayuwa gaban yara talatin kun san irin wannan tsit ɗin.

Da aka tashi na ɗauki littafin na tafi da shi gida, na ce sai na gano amaryar nan.

Wanda ya yi zanen sunansa Paolo Veronese, ya gama shi a 1563 a birnin Venis. Tsayinsa ƙafa 22 ne, faɗinsa kuwa ya kusa ƙafa 33, watau ya fi bangon ajinmu nesa ba kusa ba. Mutanen da ke ciki sun kai 130. Labarin da ya zana daga Linjilar Yohanna yake, sura ta biyu. An yi biki a wani gari, Kana, a ƙasar Galili. Ana tsakar sha'ani ruwan inabi ya ƙare. Maryamu ce ta lura, ta gaya wa ɗanta Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Ya sa aka cika randunan dutse shida da ruwa, da aka ɗebo sai ga shi ya zama ruwan inabi, har ya fi na farko daɗi. A labarin an ambaci ango, amma ko sau ɗaya ba a ambaci amarya ba.

Shi mai zanen dai ya saka ta. Tana can a ƙarshen tebur ta hannun hagu, cikin fararen kaya, mijinta na gefenta, wani yaro baƙar fata yana miƙa masa kofi. Sai kin nema za ki gan su. Wurin da ya kamata ango da amarya su zauna, Yesu ne da uwarsa suke zaune.

Da fari na ji haushi a madadinta. Ranarta ce, an tura ta lungu! Amma ba mantuwa mai zanen ya yi ba. A wurin Kirista akwai wani aure da ya fi wannan girma. Suna kwatanta Yesu da ango, ikilisiya kuwa ita ce amaryarsa. In sun ce ikilisiya ba ginin coci suke nufi ba, jama'ar masu bi ce gaba ɗaya, mazansu da matansu. Bulus ya yi wannan kwatanci a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura ta 5, inda yake zancen zaman miji da mata. Littafi na ƙarshe na Littafi Mai Tsarki kuma ya kwatanta ƙarshen zamani da bikin auren Ɗan Rago, da wani birni mai saukowa daga sama an yi masa ado kamar amarya.

To, ku sake duban zanen da wannan a zuciya. Daidai saman kan Yesu akwai mai fawa yana sarar nama, alhali baƙi sun riga sun kai ga cin 'ya'yan itace. Me za a yi da nama bayan an gama cin abinci? Masu nazarin zanen sun ce ɗan rago ne, alamar hadayar da Kirista suka gaskata Yesu ya yi da ransa. A gabansa kuma, kan teburin makaɗa, ga kwalbar nan mai yashi da ake auna lokaci da ita. Kowa na sha'aninsa, wannan ya juya ga maƙwabcinsa, wancan yana leƙen kofinsa, shi kuwa Yesu ya zuba ido sosai ga wanda yake tsaye gaban zanen.

Su wa ke gabansa? An yi zanen ne don ɗakin cin abincin wasu 'yan zuhudu a tsibirin San Giorgio Maggiore, maza waɗanda suka bar aure da dukiya saboda ibada. Dokarsu ce su ci abinci ba magana, wani yana yi musu karatu. Ku duba wannan abu: tuzurai sun yi shiru suna cin ɗan abincinsu, a bisa kansu ga biki ya kankama. A fahimtarsu su ne amaryar da angon ke kallo. Na daɗe ina juya wannan a raina, don a wajenmu in ka kira namiji amarya sai faɗa.

Zanen ya shekara fiye da 230 a bangon nan. A 1797 sojojin Napoliyon suka ciro shi, suka naɗe, aka kai shi Paris. Har yanzu yana gidan ajiye zane-zane na Louvre, kuma duk gidan babu wanda ya kai shi girma. Sai dai ɗaki ɗaya yake da ɗan ƙaramin zanen nan Mona Lisa, suna fuskantar juna, yawancin baƙi kuwa baya suke ba shi. A 2007 aka yi kwafinsa daidai da girmansa aka kafa a ainihin wurinsa a Venis.

Amma in faɗa muku gaskiya, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matar nan da na nuna bisa kuskure. Bikina yana tafe bayan kaka. Tun watan jiya Inna ba ta barci sosai, kullum lissafin buhun shinkafa da garwar mai take yi, tana cewa kada a ce abinci ya yanke a gidanmu ranar wuni. Kun san yadda irin wannan magana take bin yarinya har ɗakin mijinta. A Kana ma kunyar nan ce ta taso wa masu gida, mace ce kuma ta hango ta tun baƙi ba su farga ba, ta nemi a rufa musu asiri ba tare da ta ɗaga murya ba. Kowane gidan biki akwai irinta, gwaggo ko maƙwabciya wadda ba ta zauna a tabarma ba, tana bayan gida tana leƙa tukunya.

Washegari na koma aji na ce, "Jiya na yi kuskure, ga amarya nan," na nuna musu ita a lungunta. Yarinyar da ta yi tambayar ta matso ta dube ta da kyau, sa'an nan ta ce, "Malama, ai ba ta lulluɓe fuska ba, kuma ba ta kuka." Na ce mata can Venis ne.

Da yamma na nuna wa Inna hoton. Ba ta kula da amarya ba sam. Randunan ta dinga ƙirgawa, ta tambaye ni kowace ɗaya garwa nawa take ci.