Daga GRA Zuwa Dutsen Zane

Da sanyin safiyar wata Asabar cikin hunturu, motar makaranta ta tashi daga GRA ta Bauchi ɗauke da 'yan aji shida da malamansu, ni kuma na bi su. Suka hau titin Jos, suka wuce Miri da Buzaye, Dutsen Zaranda na leƙowa ta cikin hazo. An nufi Dutsen Zane da ke Geji a ƙaramar hukumar Toro, wanda gwamnatin tarayya ta sanya cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Da aka bar kwalta sai hanya ta koma burji, can gaba ma ta gagari mota. Wani manomi ya kawo amalanken shanu, aka ɗora kulolin abinci da jarkokin ruwa da waɗanda ƙafa ta fara yi wa nauyi. Sauran suka bi a ƙasa ta cikin gonakin da aka girbe, ƙarangiya na maƙale musu a safa. Yawancinsu ba su taɓa hawa amalanke ba, don haka sai rige-rigen hawa da shewa.

A gindin dutse wani dattijo ya tarye su. “Baba, ina zanen?” in ji wata yarinya tana haki. “Sannu a hankali, jikata, sai kin hau tukuna,” ya amsa, ya shige gaba da sandarsa.

Zanen na jikin wani dutse mai rumfa, inda ruwan sama bai cika bugu ba, shi ya sa jan launinsa ya daɗe. Akwai shanu masu dogayen ƙahoni, da namun daji irin su barewa, da birai, da mutane. Amma doki ne ya tsayar da yaran. Su dai sun san doki a hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, da jalala da lifidi. Ga shi nan tsurarsa a jikin dutse.

Malamin tarihi ya ce musu dokin nan shi ne makamar masana wajen ƙiyasta shekarun zanen, domin ba wanda zai zana doki kafin doki ya iso ƙasarsa. Ya ƙara da cewa a 1960 wani masani ɗan Ingila, Hamo Sassoon, ya wallafa bayanin zanen, alhali mutanen Geji sun san da shi tun kaka da kakanni. Yaran da suka haddace cewa Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a 1809 suka fara tambayar su wa suka zauna a duwatsun nan kafin a gina ganuwar birnin.

Malama ta hana taɓa dutsen, saboda gumin hannu na cinye launi. Kowa ya zauna ya kwafi dabba ɗaya a littafinsa. Aka yi sallar azahar a ƙauye, aka yi wa mai unguwa godiya, direba na ta sa su sauri don a shiga gari kafin magariba.